Jika 85 na ba wani ɗan damfara don maganin ɗigar fitsarin Baba

Jama'a, jika 85. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Kuma kar wani ya zo yana ce mini ai da ka yi bincike. Ni ba yaro ba ne, shekara nawa ina cinikin hatsi a babbar kasuwar Maraɗi, ba a taɓa yi mini rufa-ido ba sai wannan karon.

Baba ne aka yi wa aikin kansar furostat, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a Yamai. Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi, amma tunda aka cire mashi robar fitsari abin yake ɗiga. In ya yi tari, in ya miƙe daga tabarma, in ya ɗaga bokiti. Dattijon da ba ya rasa sahun gaba ya koma salla a ɗaka, yana sa famfas yana ɓoye ledar a ƙarƙashin gado don kar jikoki su gani. Kun san yadda mutanenmu ke kallon yoyon fitsari, wai ciwon mata ne.

Mutumin nan a wani gurup na WhatsApp na same shi. Ko shi ya same ni, don shi ya fara turo saƙon murya. Ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. In ya yi ruku'u ne yake zubowa, ko?" Wallahi nan ya gama da ni. In ya yi ruku'u. Na ce wannan ya san ciwon. Sai daga baya na tuna ni da kaina na rubuta haka a gurup ɗin kwana biyu kafin nan.

Jika 45 na fara turawa, wai magani daga Indiya, kwana 21 an warke. A'a, kafin 45 ɗin akwai jika 10 na "riƙe kaya". Sannan 30 wai an tsare kwalin a Ɗan Issa, bakin iyaka da Najeriya. Ku haɗa, 85. Abin da ya iso tasha robar kafso ce fara, ba takarda a ciki, ba ranar lalacewa, sai wata laƙa da aka manna a karkace. Na gani kuwa! Na gani da idona na ba Baba.

Kwana huɗu bakinshi ya bushe, ciki ya ɗaure, ga jiri, ɗigar kuma tana nan. Mai farmasi ya jujjuya robar ya ce shi ba zai iya sanin abin da ke ciki ba. Na kira mutumin, ya toshe lambata.

Abin da ya fi ƙona mini rai, likitan da ya yi aikin ya faɗa mana tun ranar sallama. Tsokar da ke riƙe fitsari ce ta yi rauni, yawancin mutane suna samun sauƙi cikin wata shida zuwa shekara, a dage da motsa tsokar kamar mai riƙe tusa. Da muka koma da kunyarmu ya ƙara bayani: magani irin su oxybutynin na mai matsuwar fitsari ne, wanda ba ya kai wa bayi, ba na mai zuba in ya yi tari ba. Wani maganin, duloxetine, kan rage wa wasu, ba ya warkarwa, yana sa tashin zuciya, kuma sai da takardar likita. In shekara ta wuce ba sauƙi, akwai wani aikin da ake yi. Na ji duk wannan, amma na ga tsohona yana jin kiran sallar Juma'a yana zaune.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin turawa uku duk suna wayata, da saƙon muryar nan na ruku'u, zan sako su in na rufe sunan Baba. Wanda ya ce maku kwana 21, kar ku tura mashi ko dala. Baba har yau bai san kuɗin ba, ce mashi na yi jika biyar ne.