Rediyon da na saya a Alaba

Wata huɗu ke nan ina amfani da ita a teburin shayina da ke Agege. Ƙaramar rediyo ce ƙirar Sin, mai caji, da ɗan faifan sola a bayanta da tocila a gefe. Sai da muka sha ciniki da mai shagon a kasuwar Alaba kafin ya sallama.

Gajeren zango na nema, shi ya sa na zaɓe ta. Tashoshin FM na Legas galibi Yarabanci ne da Turanci da Burokin, mu kuwa BBC Hausa muka gada. Tun 1957 take watsa shiri, mahaifina ma da ita ya tsufa. Da asuba tana kama BBC da DW tangaran, har masu jiran shayi kan ce, "Malam, ƙara murya." RFI Hausa, wadda aka buɗe a 2007 kuma ofishinta na nan Legas, ita ma tana shigowa. Amma da rana, idan maƙwabcina ya tayar da janareto, sai shuuu kawai.

Caji ɗaya yana kai ni kwana biyu. Solar kuwa ado ce, ko ta wuni a rana ba ta tara abin kirki, balle da damina. Eriyar ta karye a sati na uku, da wayar kwafa na ɗaure ta.

Yarana sun ce komai yana Facebook yanzu. To, amma rediyo ba ta cin data. Wanda zai saya ya sa a kunna masa gajeren zangon a shago kafin ya biya.