105 Di2 ko Rival AXS, wanne zan ɗaura?

Ɗan'uwa ka ce kekenka na tsere mai birkin faifai ne, kayan Shimano ne a kai masu giya 11, kana so ka koma giyar batir amma ka rasa na ɗauka tsakanin Shimano 105 Di2 da SRAM Rival AXS. To ni na hau duka biyun, kuma wallahi wajen shigar giya ba wani bambancin da zai hana ka barci, duk giya 12 ne a baya, ka danna ka ji ta faɗa. Rigimar tana wajen ɗaurawa da zaman yau da gobe.

Rival ta fito a 2021, ita ba waya ko ɗaya, abin tura sarƙa na gaba da na baya kowanne da ɗan batirinsa da ake zarewa a sa a caja, kamfanin ya ce yana kai awa 60, kuma abin da ya fi burge ni in na baya ya mutu a hanya sai ka zaro na gaba ka mayar baya ka lallaɓa gida. Ɗaurinta kam ko yaro.

Ita 105 Di2 a 2022 ta zo, batir ɗaya ne dogo da ake cusawa cikin sandar sirdi, waya ta tashi daga nan zuwa gaba da baya, hannayen birki da canja giya ne kawai ba waya. Don haka ka fara duba bodin kekenka ko akwai hudar da wayar za ta bi. Caji ɗaya yana yin kusan kilomita 1000, sai dai keken gaba ɗaya za ka jawo kusa da soket, ko ka jona fawa bank in an ɗauke wuta.

Amma inda kuɗinka zai tafi shi ne wili. Haƙoran baya na Shimano masu 12 suna zama daram a kan hob ɗinka (cibiyar wilin baya) na giya 11, ba ka canja komai. Na SRAM daga haƙori 10 suke farawa, sai ka nemo kan hob da ake kira XDR, wani wilin ma ba a yi masa ba, ga boris ɗin feda nasu DUB daban, ga sarƙarsu mai shafaffen baya ita ma daban. Kuma ka san ƙurar hunturu yadda take cin sarƙa, ta Shimano kuwa iri ɗaya ce da ta kekunan dutse masu giya 12, ta fi sauƙin samu.

Sai man birki, nan ka buɗe kunne. SRAM Rival man DOT take sha irin na mota, Shimano kuma nata mai ne daban, ba a haɗa su. Wani mai gyara ya taɓa ɗura min man birkin mota a Shimano, robobin ciki suka kumbura, sai da na sayi hannu sabo, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da sabon keke za ka haɗa daga tushe da na ce ka gwada Rival. Amma da wilin da ke hannunka, ɗauki 105 kawai, ka haɗa da sarƙa ɗaya ta ajiya tun a odar farko.