Sarƙa ɗaya, kawuna shida: abin da na gani bayan wata bakwai

Biki uku ne suka haɗe mini a wata ɗaya bayan Ƙaramar Sallah, kowanne da ankonsa. Na ƙanwar maigidana atamfa ce mai ruwan ganye, na 'yar maƙwabciyarmu leshi ne ruwan hoda, na ƙawata kuma ja ne da ratsin baƙi. Duk macen da ke zaune a Kano ta san inda wannan lissafin yake kai mutum. Ki sayo anko a Kwari, ki kai wa tela, ki nemi mayafi da jaka da takalmi, sai ranar fita ki zazzage akwatin sarƙoƙinki ki tarar babu wadda ta shiga da kayan. Masu gwal ba su da wannan damuwar, gwal yana shiga da komai. Ni kuwa ɗan abin da na samu a lefe tuni ya tafi kuɗin makarantar yara.

Ana cikin haka na ga wata mai sayar da kaya ta WhatsApp ta ɗora wani ɗan bidiyo. Sarƙa ce a wuyanta mai dutse kore. Ta sa farce ta ɓalle dutsen, ta ɗauko ja ta kusantar da shi, sai ji kake ƙas, ya zauna da kansa. Sau huɗu na maimaita kallon bidiyon kafin na yi mata magana. Saitin ya ƙunshi sarƙa, 'yan kunne da zobe, sai kawuna kala shida, kowace kala babba ɗaya na sarƙa da ƙanana uku. Naira dubu 24 na biya har da kuɗin ɗan aike.

Da kayan suka iso na zauna a bakin gado na juya su sosai. Abin da ke rataye a sarƙar kamar ɗan marfin kwalba yake, mai zurfi kaɗan, da ɗan faifan ƙarfe a cikinsa. Kawunan kuma kamar maɓallan riga, gaba dutsen gilashi ko fenti mai sheƙi, baya kuma an dasa mayen ƙarfe ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar magani ba. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ki. Ba irin baƙin mayen ƙarfen da muke ɓallowa daga tsohuwar rediyo muna yara ba ne. Wannan ana ce masa niyodimiyam, haɗin wani ma'adini ne da ƙarfe da boron, wanda kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka fito da shi a shekarun 1980, yanzu kuma akasarinsa daga Sin yake zuwa. Shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda ake sayarwa, shi ya sa ɗan ƙarami yake riƙe dutse a wuyan mutum yini guda.

Sarƙar dai ta fitar da ni kunya, ba zan ɓoye ba. A bikin ƙanwar maigida na sa kore ranar kamu, washegari wajen walima na juya zuwa fari, babu wadda ta gane sarƙa ɗaya ce. Sai da wata yayar maigidana ta kama ta tana dubawa, ta ce, "Ke amaryarmu, yaushe kika tara sarƙoƙi haka?" Na ɓalle kan na miƙa mata. Salati ta yi, ta ɗauka karyewa ta yi a hannunta. Kafin la'asar mata biyar sun karɓi lambar mai kayan a wurina. An yi rawa, an yi rungume-rungume, na goya yaro na sauke, kan sarƙar bai taɓa motsi ba.

Zoben ne ya koya mini abin da ya kamata in duba tun farko.

Ranar wata Laraba na shiga adaidaita sahu daga Zoo Road zan je Sabon Gari. Mai mashin ɗin ya faɗa wani rami, na kai hannu na cafke ƙarfen da ke gabana. Da na sauka ina ƙirga canji sai na ga zobena fayau, babu kai, sai faifan ƙarfe yana kallona. Na duba ƙasa, na karkaɗe mayafi, babu. Har na haƙura, sai yaron ya ce, "Hajiya, ko wannan ne?" Ga dutsena ja can manne a jikin ƙarfen adaidaita, ya samu sabon gida. Allah ya sa mai gaskiya ne, kuma bai riga ya ja ba.

Da na dawo gida na ajiye sarƙar da zoben gefe da gefe, sai na ga bambancin. Gurbin sarƙar yana da baki, kai yana nutsewa ne a ciki, bakin ya kewaye shi. Na zoben kuwa a shafe yake kamar faranti, kai yana zaune ne kawai a bisa. Shi kuma mayen ƙarfe halinsa ke nan: idan kika ja shi tsaye yana da taurin kai, amma idan kika tura shi ta gefe sai ya zame cikin sauƙi. Gwada da duk wanda ke manne a ƙofar firjinki, za ki ga cire shi kai tsaye ya fi wuya a kan zamar da shi. To hannu kuwa aikinsa goga ne. Ki sa hannu a jaka, ki gyara ɗaurin zani, ki ɗauki tukunya, duk turawa ce ta gefe. Bayan na adaidaita, sau biyu kan zoben yana sulluɓewa, sau ɗaya a cikin jakata inda na same shi a jikin makulli, sau ɗaya a cikin kwanon wanke-wanke. Saboda haka duk wadda za ta saya, kafin ta tambayi kala nawa ne, ta ce a nuna mata gurbin babu kai. Idan babu baki, ta bar shi ko da kuwa kyauta ne. Mai kayan ba ta nuna wannan a bidiyo ba, kuma da na yi mata ƙorafi cewa ta yi wai ni ce ba na kula da hannuna.

'Yan kunnen suna da baki kamar sarƙar, ba su taɓa faɗuwa ba. Matsalarsu nauyi ne. Zuwa dare sai in ji kunnena yana ja, don haka na bar su sai fitar da ba za ta wuce awa uku ko huɗu ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da sai zama ya yi zama ake ganinsu. Fil ɗin da nake kama mayafi da shi, duk sanda na sunkuya sai ya bi sarƙar ya manne. Wata rana a gidan suna na zaga da fil biyu rataye a ƙirji kamar ado, sai da wata yarinya ta nuna mini. Wanda ya fi ba ni mamaki na alƙibla ne. Mun je Kaduna gaisuwa, aka sauke mu a wani ɗaki, na buɗe manhajar alƙibla a wayata, allurar ta yi ta yawo, yanzu ta nuna ƙofa, an jima ta nuna taga. Na ɗauka wayar ce ta samu matsala. Ɗana na fari, wanda yake aji biyar a sakandare, ya dube ni ya ce, "Umma, cire zoben nan." Ina cirewa na ajiye nesa, allura ta tsaya cak. Kamfas ɗin waya da maganaɗisun ƙasa yake aiki, shi kuwa na yatsana ya fi kusa da ita. Tun ranar nake raba kawunan da katin ATM ma, saboda baƙin layin da ke bayan kati mayen ƙarfe mai ƙarfi yana iya lalata shi.

Batun launi, ruwan gwal ne aka shafa, kuma kowa ya san ƙarshen ruwan gwal. A wata na huɗu bayan sarƙar, wajen da ke gogar wuya, ya fara komawa fari. Laifina yana ciki, don ina shafa humra sannan in ɗora sarƙa a kai, ga zufar Kano. Yanzu sai turare ya bushe nake sawa, in na cire kuma in goge da ƙyalle mai laushi. Kan da ya faɗa ruwan wanke-wanke shi ne ya fi shan wahala. Irin wannan mayen ƙarfen yana da saurin tsatsa, shi ya sa ake lulluɓe shi da wani farin ƙarfe da ake kira nikel, kuma da zarar lulluɓin ya ɗan fashe ruwa ya shiga, shi ke nan. Nawa ya fashe ne tun a akwati, saboda na zuba kawunan wuri ɗaya suna fizgar juna suna karo. Bayan sati biyu na ga jan tsatsa ya zagaye bayansa. Sauran yanzu kowanne yana cikin 'yar ledarsa. Alwala kuwa, saboda gudun tsatsar nan cire zobe ya zama dole kowane lokaci, wanda shi ma ya ƙara sa na gaji da shi. Masu fatar da ba ta shiri da nikel, waɗanda 'yan kunnen kasuwa ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje, su tambaya da me aka yi sandar da ke shiga kunne. Ni dai bai taɓa ni ba, amma ƙanwata kwana ɗaya ta ara ta dawo mini da su kunne a kumbure.

Zafi ma yana rage masa ƙarfi. Na gama-garin yana fara rauni idan ya kai wajen digiri 80, kuma ƙarfin ba ya dawowa. Jikin mutum ba zai kai shi can ba, amma gaban mota da aka rufe a ranar watan Afrilu, ko gefen kaskon turaren wuta, ba wurin ajiyarsa ba ne.

Mai kayan ta rubuta a tallarta wai mayen ƙarfen yana gyara gudun jini yana rage ciwon gaɓoɓi. Wannan zancen kasuwa ne. Ƙarfen da ke cikin jini ba irin wanda mayen ƙarfe ke ja ba ne, kuma gwiwata da ke ciwo kafin in saya tana nan tana ciwonta. Abin da yake gaskiya game da lafiya akasin haka ne. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, likitoci suna cewa ya nisanta mayen ƙarfe da ita aƙalla santimita 15, sarƙa kuwa a daidai ƙirji take sauka. Haka wadda za a yi wa hoton MRI a asibiti, wanda na'urarsa da ƙaton mayen ƙarfe take aiki, sai ta cire komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yara. Autata shekararta biyu da rabi. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, na bar kawunan a kan gado, ina juyowa na ga kumatunta a cike. Na sa yatsa na zaro kan ruwan hoda, ta fasa kuka don a ganinta alewa na ƙwace mata. Gaskiya kuwa da alewa suke kama, masu sheƙi, kala-kala, daidai bakin yaro. Da na ba wa matar yayana labari, ita ma'aikaciyar jinya ce, dariyar da nake yi ta tsaya. Ta ce idan yaro ya haɗiye guda biyu, ko ɗaya da wani ɗan ƙarfe, suna iya jawo juna daga lungu biyu na hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje, kuma da farko ba a ganin komai sai ɗan ciwon ciki da amai. Aikin tiyata ne, ba na jira ya fito a bayan gida ba. A Ingila ma, a 2021, hukumar lafiyarsu ta NHS ta nemi a hana sayar da ƙananan mayen ƙarfe saboda yawan yaran da ake kaiwa asibiti sun haɗiye su. Ta ce, "Anti, ko ɗaya kika nema kika rasa kina zargin yarinyar nan, ku tafi asibiti a lokacin." Daga ranar kawunan suka koma saman wardirob cikin gwangwani mai murfi, kuma ina ƙirga su duk sanda na buɗe. Ashirin da huɗu ne da farko, yanzu ashirin da uku, mai tsatsar na nannaɗe shi na jefar.

Surukata, da ta ga saitin, ba ta ce yana da kyau ko ba shi da kyau ba. Ɗaukar kai ɗaya ta yi ta kanga a jikin awarwaronta na gwal, bai kama ba, ta gyaɗa kai cikin gamsuwa. Haka suke gwada gwal tun da, in ji ta, duk abin da mayen ƙarfe ya ja ba gwal ba ne. Na so in ce mata tagulla ma ba ya janta, don haka gwajin rabi ne, amma na yi shiru, ba a gyara wa suruka zance a gaban mutane. Sai ta ce, "'Yar nan, wannan in kin matsu nawa za a saya?" Na ce ko sisi, Hajiya. Ta ce to. Ita a wurinta sarƙa ajiya ce, ranar da ta ɓaci a kai kasuwa a auna. Wannan kuwa kwalliya ce zalla, kuma da wannan niyyar na saya. Idan na raba dubu 24 a kan bukukuwa tara da sunaye huɗu da na je da ita, ban yi asara ba, don da sai na sayi aƙalla sarƙa uku na kasuwa, su ma ruwansu ya goge.

Zoben na daina sawa gaba ɗaya. Ƙananan kawunansa guda biyar na kai wa telata, wadda ba ta da ƙananan yara a shago, ta manna ɗaya a jikin kekenta yana riƙe mata allura da fil. Sarƙar kuma na kai wa wani maƙerin farfaru ya sauya mini igiyar da wadda ba ta tsatsa, gurbin na nan yadda yake. Asabar mai zuwa akwai ɗaurin auren ɗan ƙanin babana a Gwammaja, ankon ruwan goro ne, kalar da babu ita a cikin shidan nan. Na tambayi mai kayan ko tana sayar da kai shi kaɗai, ta ce sai dai saiti guda. Farin zan sa.