Akwatin kunkurun ajinmu da kafintan da ya haɗa shi

Malamai biyu ne suka tambaye ni wa ya haɗa mana akwatin kunkurun da ke ajinmu, shi ya sa nace bari kawai in rubuta yadda muka yi da kafintan, daɗinsa da rashin daɗinsa, duk mai son yin irinsa ya san inda zai sa ƙafa.

'Yan aji 4 nake koyarwa a wata firamare nan Tudun Wada, Zariya. Kunkurun baban wata ɗalibata ne ya ba mu, direban babbar mota ne, daga wajen Sakkwato ya zo da shi lokacin bai wuce tafin hannuna ba. Da farko wani shagon masu kifin ado muka je a Sabon Gari, mai shagon yace akwatin gilas ya ishe shi. Wallahi bai ishe shi ba. Kunkuru bai san gilas ba, yana hango waje sai ya ɗauka hanya ce, tun safe har a tashi yana tura kai yana karcen kusurwa, yara suna ta murna su a ganinsu wasa yake, ni kuwa abin yana ci min rai. In aka matsar da shi bakin taga kuma cikin ya ɗau zafi kamar tanda. Da na kai shi wajen wani likitan dabbobi a Samaru shi ya fahimtar da ni cewa rana in ta ratso gilas ba ta yi masa amfanin da ake nema, gilas yana tare ɓangaren hasken da jikinsa ke haɗa bitamin D da shi, in ya rasa sai ƙoƙon bayansa ya yi laushi ko ya girma a karkace. Shi ne kuma ya gaya min irin namu shi ne mai ƙaya a cinya, wanda turawa ke ce wa sulkata, na 3 a girma cikin kunkurun tudu duk duniya bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra, yana iya haura kilo 50 kuma ya yi shekara 70 yana raye. Irinsa ne wanda ya mutu a fadar sarkin Ogbomosho a 2019, wanda aka yi ta labarinsa.

To daga nan na nemi kafinta. Dattijo ne, rumfarsa ba nisa da makarantarmu, kujeru da benci yake yi, bai taɓa yin gidan kunkuru ba kuma bai ɓoye min ba. Abin da ya sa na yarda da shi, da na fara kwatance sai yace "Malama, bari in zo in ga mai gidan tukuna." Ya zo lokacin tara, ya tsuguna ya kai minti 20 yana kallon kunkurun yana tafiya a tsakar aji, ya ga yadda yake bin gindin bango, yadda yake cusa kai ƙarƙashin teburina in hayaniya ta yi yawa. Ya ɗago yace "wannan ai ɗaki yake so mai duhu." Ni ban ma kawo zancen ba.

Akwatin ƙafa 6 ne a tsawo, faɗi ƙafa 3, bangon katako ƙafa 1 da rabi yadda ba ya hango waje, sama a buɗe sai murfin raga da ake ɗagawa saboda ɓera da daddare. Gefe ɗaya ya rufe masa ɗan ɗaki da ƙofa daidai shigarsa. Muka zuba ƙasa haɗe da yashi mai ɗan zurfi don dabba ce mai tono, ranar farko kafin a tashi ya haƙa rami ya shige rabinsa, karcen nan duk ya daina.

Amma inda Baba ya burge ni shi ne tayoyi. Shi ya kawo shawarar, ƙananan tayoyi 4 irin na ƙarƙashin janareta, kuma da ya ga dakalin ƙofar ajin sai ya yanko ragowar katako ya yi mana gangara kyauta. Yanzu ƙarfe 9 yara biyu masu aikin ranar suke tura shi waje ya sha hantsi, rabi a rana rabi a inuwar darbejiya, kafin rana ta take su dawo da shi. Har rigima ake yi a kan layin turawa. Sukan tsinko masa ciyawa a bayan aji inda ba a fesa magani, don cimarsa kenan, ciyawa ce kan gaba, sai ɗan ganyen rama ko kabewa jefi-jefi, sai garin ɓawon ƙwai da na dafa na daka nake barbaɗawa. Biskit da tuwo da burodi na hana tun ranar farko.

Sai abin da bai min daɗi ba. Sati 1 yace, sati 3 muka yi, kullum naje sai ya ce gobe in sha Allah, kunkurun na can cikin gilas. Na biyu, na ce masa kar ya shafa fenti a ciki, ya kawo shi ya sha fentin mai kore ciki da waje yana wari, wai don ya yi kyau a idon hedimasta. Nace Baba wannan dabbar tana gatsar duk abin da ta gani, bai yi musu ba ya mayar ya goge da sanfefa, amma kwana 4 suka ƙara tafiya. Na uku kuma shi ya fi damuna, ƙasan akwatin katakon filayi ne siriri, wajen da kaskon ruwa yake har ya fara kumbura, sai da muka kwashe ƙasar duka muka shimfiɗa tamfol. Duk wanda zai sa a yi masa, ya dage a kan katako mai kauri tun farko, kuma ya bi da hannu ya laluba kan ƙusa, na samu guda 2 sun leƙo ta ciki.

Naira dubu 45 na biya har da kayan aiki, iyayen yara suka haɗa rabi. A ganina kuɗin bai yi yawa ba, kuma zan koma wajensa.

Abu biyu akwatin ba zai yi miki ba. Ba zai wanke wa yara hannu ba, kunkuru kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi ko da shi lafiyarsa ƙalau, saboda ita ce ma Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Buta da sabulu suna nan bakin ƙofa, wanda ya taɓa sai ya wanke a gabana, kuma ba a cin abinci kusa. Sannan ba zai tare sanyin Zariya ba. Disamba da Janairu in hunturu ya sauko ajin yakan yi sanyi sosai da asuba, shi kuma jikinsa ba ya ɗumama kansa, sai in cika ɗakin nasa da busasshiyar ciyawa in rufa buhu biyu a kan ragar kafin in tafi, hutun ƙarshen zango kuma gidana yake zuwa.

Yanzu har ya kusa ninka yadda aka kawo shi, ƙofar ɗakin ta fara kankare masa gefe. Na yi wa Baba magana, yace Asabar zai zo da zarto ya faɗaɗa ta, daga nan mu zaga bayan ajin ya auna inda hedimasta ya ba mu, don shingen da za a yi masa a ƙasa sai an binne gindinsa sosai saboda tono.