Wasiƙa daga Jidda: kada ka sayar da filin nan tukuna

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata man zafin ƙafarta na nan tafe a hannun wani maƙwabcinmu da zai dawo daga Umara.

Na ga hoton takardar digirinka na biyu, Allah Ya sanya albarka. Amma maganar da ka biyo da ita, ta sayar da filin nan na bayan gari don ka biya dillali ya nema maka aikin koyar da Turanci a Saudiyya, ita ta hana ni barci. Shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan, ban tsaya ga muryar minti biyu a WhatsApp ba. Aikin da ya kawo ni ƙasar nan yana ƙarewa a kan idona.

Ga yadda abin yake. Yaro a nan da Larabci yake gama sakandare, amma likitanci da injiniyanci da ilimin kwamfuta a jami'a da Turanci ake koyar da su. Sai jami'o'i suka kafa shekara guda ta share fage, wadda suke kira tahdiriyya. Ka ɗauke ta kamar makarantar share fagen shiga jami'a ta Funtua, sai dai a nan Turanci ne ke cinye yawancin lokacin. Jami'ar man fetur da ma'adinai ta Sarki Fahad da ke Dahran ta daɗe da wannan tsari, ta Sarki Sa'ud da ke Riyad ta buɗe nata a 2007, wasu suka bi sahu. Ɗalibai dubbai, kowane aji yana bukatar malami kusan kullum, ga ɓangaren maza daban na mata daban. 'Yan ƙasa ba su isa cike gurbin ba, sai aka ba kamfanoni kwangilar kawo malamai daga Ingila, Amurka, Afirka ta Kudu, Pakistan, Masar, Sudan, da mu ɗaiɗaiku daga Najeriya. Ta wannan ƙofa na shigo.

A zangon da ya wuce aka tara mu aka shaida mana cewa inda nake koyarwa za a soke shekarar share fagen. Ɗalibi zai wuce sashensa kai tsaye, Turancin kuma ya koma 'yan kwasa-kwasai a cikin sashen. Ba wanda ya yi gardama a ɗakin. Wani abokin aikinmu Basudane, wanda 'ya'yansa duk a Jidda aka haife su, ya cire tabarau yana ta goge shi har aka tashi.

Ni ban ga laifinsu ba, don dalilan a fili suke. Tun 2021 aka fara koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare a makarantun gwamnati. Yaron da ya kawo sakamako mai kyau na IELTS, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, ko na jarrabawarsu ta cikin gida da ake kira STEP, ana iya yafe masa darussanmu. Sannan shirin tallafin karatu na Sarki Abdullahi da aka fara a 2005 ya tura matasa masu yawan gaske Amurka da Ingila, sun dawo da digiri, wasunsu a fannin koyar da Turancin ma, kuma ƙasarsu ce, dole a fara ba su. In da Kano ce, mu ma haka za mu nema. Abin da ke ci mini rai ɗalibaina ne da ke zuwa daga ƙauyuka, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin makarantar kuɗi. Na sha karɓar yaro a farkon shekara ba ya iya haɗa jimla ɗaya, ya fita yana rubuta rahoton gwaji na shafi biyu. Irinsa yanzu za a ajiye gaban littafin ilimin jikin ɗan'adam a makon farko.

Na san abin da ke jan ka, don shi ya ja ni, kuma ba zan ce maka ƙarya ne ba. Tun da na zo ban sayi janareta ba, ban san kukan sa ba. Wuta kwabo 18 nasu, wato halala 18, kowane kilowat ga gidan da bai wuce ƙima ba, sai dai na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa daga Mayu zuwa Oktoba, don haka takardar kuɗin wutar bazara tana da nauyi. Litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, kuma tun 2021 ba ta motsa ba, ka kwatanta da abin da kuka gani bayan cire tallafi a Mayun 2023. Daga Jidda zuwa Madina kusan tafiyar Kano zuwa Abuja ce, jirgin ƙasa na Haramain yana cinye ta cikin kimanin awa biyu, kana zaune ba fargabar hanya. Sabunta takardu da neman izinin fita duk a waya ake yi ta manhajar Absher, ba wanda zai ce maka oga ya fita, ka dawo gobe. Asibiti kuwa katin inshora kake miƙawa, kuma doka ta ɗora wa mai aikinka ya yi maka shi.

Abinci bai kai na gida daɗi ba, wannan kada wani ya ruɗe ka. Gurasa da shinkafa da kaza suna da sauƙi, amma kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya sai ka bi matan Hausawa da ke sayarwa, a farashin da in Inna ta ji sai ta yi salati. Tsire dai yana nan. Kakanninmu da suka zo aikin Hajji a ƙasa suka zauna su suka kawo shi, har mutanen Hijaz suka mai da sunansa siriyya, suna layi a kansa da daddare.

To amma duk wannan jin daɗi haya ne, kuma takardar hayar ita ce iƙama, wato izinin zama a ƙasar. Iƙama tana rataye da mai aikinka. Ranar da kwantiragi ya ƙare ba ka samu wanda zai karɓe ka ba, sai a buga maka bizar fita ta ƙarshe, kwana 60 ka tattara. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya sauƙaƙa sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa, gaskiya ne, amma sai akwai wurin da za a koma, ga shi mu da yawa ne muka fito nema lokaci ɗaya. Kafin a kai nan ma, albashin ba shi ne wanda kake lissafawa da canjin naira ba. Kowane mutum da ke ƙarƙashinka, mata ko ɗa, riyal 400 ne a wata tun 2020. Matata da yara uku, 1,600 ke nan kafin mu sayi ko gishiri. Harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a 2020 ɗin dai. Kuɗin haya ya hau bayan rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail, inda talakawa da baƙi da yawa ke zaune. Ga kuɗin makarantar yara. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya muku ba: na yi shekaru ina koyar da littafi ɗaya, aji iri ɗaya, da wani mai fasfon Ingila da bai kai ni takardu ba, albashinsa ya fi nawa nesa. Kamfanin bai ma ɓoye ba.

Ba wai Turanci ya daina kasuwa ba ne. Kasuwar ce ta watse zuwa ƙananan rumfuna. Waɗanda na ga sun tsira cikinmu su ne masu wani abu a hannu bayan nahawu: mai koya wa ma'aikatan jinya Turancin asibiti, mai horar da ma'aikatan otal da na filin jirgi tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, mai shirya ɗalibai wa IELTS, mai takardar koyar da ƙananan yara da ya koma makarantar kuɗi. Makarantun nan aikinsu ya fi yawa, hutunsu ya fi gajarta, albashinsu sau da yawa bai kai na jami'a ba. Digirinka na adabi, duk da wahalar da ka sha a kansa, ba shi suke fara tambaya ba. CELTA ta Cambridge suke tambaya, kwas na mako huɗu zuwa biyar da ake sa ka koyar a gaban masu duba ka, sai kuma shekarun da ka yi a aji.

Saboda haka ga shawarata a matsayina na yayanka. Ka riƙe aikinka na makarantar nan ko da albashin bai taka kara ya karya ba, don shekarun koyarwa ake ƙirgawa. In har kuɗi za a kashe, a kashe a kan CELTA, ni zan ɗauki rabi. Duk wanda ya ce ka ba shi miliyoyi ya kawo maka biza, ka ce ya nuna maka kwantiragi mai sunan makaranta da albashi a rubuce, ka turo min in bincika. Kada kuma ka yarda ka shigo da bizar Umara da niyyar ka laɓe ka nemi aiki; na ga ƙarshen masu yin haka, tarhil ne, wato a tasa ƙeyar mutum gida, da hana shigowa na shekaru.

Ni kaina ina jiran amsa daga wata cibiyar horar da ma'aikatan lafiya. In ba ta yiwu ba, kuɗin sallamata bisa dokarsu rabin albashin wata ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan nan. Na lissafa, zai iya tayar da azuzuwa uku da ofis. Shi ya sa nake so ka je ka auna min filin nan, faɗi da tsawo, ka tambayo kuɗin buhun siminti da na bulo a yanzu, ka kuma duba ko akwai wata makarantar firamare kusa da wurin. Kada ka faɗa wa Inna tukuna, sai na ji daga cibiyar.

Yayanka, daga Jidda.