Ledar fiya wata da ramukan titi, saƙo daga Madurai

Yaya salamu alaikum, ya gida ya su Inna, ya ruwa? Na ga hoton kekenka da ka turo a cikin ramin nan na hanyar Samaru, wallahi dariya ta riga tausayi zuwa, ka yafe min, Allah ya mayar da alheri.

Kar ka ɗauka nan Indiya ba rami fa, akwai su birjik, in damina ta sauka wani layin sai ka rantse a Tudun Wada kake, 'yan keke ma halinsu ɗaya da naku, to dama Bajaj da TVS ɗin da kuke ja ai daga nan ake kai muku. Abin da ya ɗaure min kai shi ne leda suke zubawa a kwalta. Wani farfesan kemistri ne a garin nan, Rajagopalan Vasudevan, ya ɓullo da dabarar, tun 2002 aka shimfiɗa irin titin a Chennai, a 2015 gwamnatinsu ta wajabta wa 'yan kwangila sa ledar a titunan da ke kewayen manyan birane, shi kuma aka ba shi lambar girma ta Padma Shri a 2018.

Aikin ba wani tsafi a ciki. A wanke leda a shanya, inji ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana, a gasa tsakuwa ta yi zafi kamar digiri 170 sai a watsa ledar ta narke ta lulluɓe kowane dutse, sannan a zuba kwalta a cakuɗa. Ka san ruwa ne ajalin titi, shi ke shiga tsakanin dutse da kwalta ya raba su, to ledar nan ita ke tare shi. Kilomita ɗaya mai hannu ɗaya tana cin leda wajen tan guda. PVC, irin robar da ake yin bututun ruwa da ita, shi ne kawai ba sa sawa, hayaƙinsa guba ne.

Ni inda ya fi tsaya min a rai ba injin ba ne, matan da ke tattara ledar ne, ƙungiya-ƙungiya suke, su tara su niƙa su sayar da kilo, kuɗin cefane ya fito. Sai na tuno kwalbatocin Sabon Gari da bakin rafin Kubanni yadda ledar fiya wata ke toshe su ruwa ya hau titi ya ci kwalta, 'yan bola jari kuma ƙarfe da alminiyom suke rububi, yara na cike rami da jar ƙasa suna miƙa hannu a ba su na ruwa, ruwan sama ɗaya ya wanke. Ga jami'ar ABU ga NITT, cibiyar fasahar sufuri, duk a garinmu Zariya, injiniyoyi kam ba mu rasa ba.

Ka faɗa min nawa bakanike ya ce kuɗin gyaran, in alawus ya shigo ƙarshen wata zan turo wani abu. A gaida Inna, ka ce mata yajin da ta ɗaura min ya kusa ƙarewa.