Gargaɗi kan masu tallar injin wanki da alkawarin haɗawa kyauta

Jama'a a yi hattara da wata damfara da ake yi a harkar injin wanki, musamman wanda ake talla a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp na mata. Za a sa hoton inji mai ƙofa a gaba, kilo 7 ko 8, a ce sabo dal ne a kwalinsa, kuɗinsa ƙasa da na kanti nesa ba kusa ba, sannan a ƙara da cewa kawowa da haɗawa kyauta ne, injiniyansu zai zo har gida. Wannan injiniyan shi ne rabin damfarar. Bakinsa ɗaya da mai sayarwa, kuma dogaronsu kaf a kan abu guda yake: sun san mai gida ko uwargida ba su san yadda ake haɗa injin ba, duk abin da aka faɗa musu za su karɓa.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne iyaye masu haɗa kayan ɗakin amarya. Ana sayen injin a ajiye shi a kwali sai ranar jere, wani lokaci bayan wata biyu ko uku, kafin a gane abin da ke ciki lambar mai sayarwa ta daina shiga. Duk wanda ya sayi inji don ajiya, ya buɗe shi a ranar da aka kawo.

Masu karɓar kafin alƙalami su ɓace, nasu ba ya buƙatar dogon bayani: kada a tura ko sisi kafin a ga kaya da ido, balle idan sunan da ke kan asusun banki ya bambanta da sunan shagon. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu kawo kayan da gaske, amma ɗan Kwatano ne aka wanke, aka fesa masa fenti, aka sa shi a kwalin wani.

Abin da ke fara tona su shi ne bayan injin. Kusan kowane sabon inji mai ƙofa a gaba yana zuwa da manyan notuna uku ko huɗu a baya, waɗanda ke riƙe gangar ciki kada ta yi ta dukan jiki a hanya. Idan ramukan a buɗe suke, ko an riga an toshe su da murfin roba, to an taɓa amfani da injin. A ja robar ƙofa a leƙa cikin ninkinta: baƙin datti, zare ko warin danshi ba sa zama a sabon inji. A zare aljihun sabulu gaba ɗaya a duba saman ramin, nan busasshen sabulu ke maƙalewa kuma masu wankewa kan manta da wurin. A buɗe ƙaramar ƙofar da ke ƙasa ta gaba a kwance matatar, in an ga gashi ko tsabar kuɗi magana ta ƙare. Sai dai ɗan ruwa mai tsabta a cikin ganga ba shaida ba ce, domin ana gwada injuna da ruwa tun a masana'anta. Lambar injin da ke manne a baya ko a bakin ƙofa dole ta zo daidai da ta jikin kwali da ta katin garanti.

A kan takardar da ke manne a bayan injin a karanta ƙarfin wutar. Tamu 220 zuwa 240V ce, 50Hz. Injin da aka yi don Amurka 120V ne da 60Hz, na Japan kuwa 100V. Mai sayarwa zai ce ai tiransifoma za ta gyara, alhali tiransifoma ƙarfin wuta kawai take sauyawa, ba ta mayar da 50Hz ya zama 60Hz, don haka a injuna da yawa mota, wato abin da ke juya gangar, da famfon fitar da ruwa za su riƙa aiki a sanyaye suna ɗaukar zafi. Sayen na hannu ba laifi ba ne idan an san na hannu ne kuma an biya kuɗin na hannu. A nan sai a juya gangar da hannu a saurara; in tana gurnani, ko tana motsi sama da ƙasa idan an ɗaga bakinta, boris, wato ƙarfen da gangar ke juyawa a kansa, ya tafi, gyaransa kuma babban aiki ne.

To, ga inda injiniyan ke shigowa. Haɗa injin wanki bai wuce abu biyar ba: cire notunan baya, daidaita ƙafafu, ɗaura tiyon ruwa, sa tiyon magudana, sai wuta. Babu inda wannan aiki ya shafi bod, wato ƙwaƙwalwar injin, ko mota, ko wayoyin ciki. Duk wanda ya zo haɗa sabon inji ya ɗauko sukudireba zai kwance murfin sama, a tsayar da shi nan take. Abin da suke yi shi ne su kunna injin ya nuna wata alama, su girgiza kai su ce wutar NEPA ta taɓa bod, garanti kuma ba ya ɗaukar wannan, sai an kai shago an gwada. Bod ɗin da ya tafi ba ya dawowa. Ko a dawo da tsoho a karɓi kuɗin sabo, ko a daina ɗaga waya.

Alamun da suke tsorata mutane da su ma'anarsu a fili take, tana cikin littafin da ke zuwa da injin. IE a injin LG, ko 4E da 4C a Samsung, na nufin ruwa ba ya shiga yadda ya kamata. OE a LG, ko 5E da 5C a Samsung, ruwa ne ya ƙi fita. UE kuwa kaya ne suka taru gefe guda ko injin bai zauna daidai ba. Ba ko ɗaya da ke nufin a cire bod a ranar farko.

Maganar ruwa ita ce ta fi ba su dama, domin a gidajenmu matsalar kan zama ta gaske. Yawancin injuna masu ƙofa a gaba suna son ƙarfin ruwa aƙalla rabin bar, wasu ma bar 1. Tsayin mita 10 daga saman ruwan tanki zuwa bakin injin shi ke ba da kimanin bar 1. Ke nan tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai mita 3 kimanin bar 0.3 kawai yake bayarwa, ruwan zai riƙa shiga a hankali har injin ya gaji da jira ya tsaya. Maganinsa ƙaramin famfon ƙara ƙarfin ruwa ne a kan layin, ko a ƙara wa tanki tsayi. Gwajin mai sauƙi ne: a kwance tiyon daga jikin inji, a sa bakinsa a bokiti, a buɗe famfo har ƙarshe a ga yadda ruwan ke zuwa. A duba ko wani ya rufe famfon rabi, ko ya lanƙwashe tiyon a bayan inji, domin suna yin haka da gangan. A bakin da tiyon ke shiga akwai 'yar rariya, yashin rijiyar burtsatse kan toshe ta. A zaro ta da filaya a wanke da tsohon buroshin haƙori. Bakin tiyon inci uku bisa huɗu ne, da hannu ake ɗaure shi, robar da ke cikinsa ce ke hana yoyo. In babu wannan robar, ko nawa aka naɗa farin tef sai ya ɗiga.

Tiyon magudana kuma sai ya hau sama tsakanin santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa kafin ya sauka, da wannan lanƙwasasshiyar robar da ke zuwa a cikin leda ake rataye shi. Idan aka yar da shi a ƙasa ya nufi kwata kai tsaye, ruwa na shiga yana zurarewa, injin ya yi ta sha ba ya cika. Idan ya yi sama da yawa ko ya murɗe, famfon ya kasa turawa. Injin mai tukunya biyu da masu buɗewa ta sama marasa famfo akasin haka suke, nasu tiyon kwantar da shi ake yi.

Notunan baya kuwa, in aka bar su aka kunna, da an kai matse kaya injin zai kama tsalle yana tafiya a tsakar ɗaki, kuma 'yan wanki kaɗan sun isa su lalata boris da abin da ke riƙe gangar. Wasu na barinsu don a sake kiransu a biya. Wasu na cirewa su zuba a aljihu, domin su ɗaura wa wani tsohon injin ya yi kama da sabo. A karɓe su a adana, za a buƙace su ranar tashi daga gida. Ƙafafu huɗun kuma a murɗa su har injin ya daina rawa idan an danna kusurwoyinsa, sannan a ɗaure notin kowace ƙafa.

Ɓangaren wuta shi ne wanda ya wuce asarar kuɗi, rai ne a ciki. Hitar da ke dafa ruwa a cikin injin tana jan kusan wat 2000. Tana son soket nata na amfiya 13 mai baki uku, da wayar tagulla mai kaurin 2.5, ba a jona ta a wayar ƙari ta ɗaki. Mayaudari zai karɓi kuɗin waya mai kyau ya ja siririya, ko alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla. A kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙi ta. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, dole ta kai ga ƙarfen da aka kafa a ƙasa da gaske. Idan jikin injin yana ɗan jan hannu, wanda ya ce haka suke yi ƙarya yake. Wayar ƙasa ce babu, kuma ranar da hita ta fashe, mai wankin da ke tsaye a jiƙaƙƙen siminti babu takalmi ita wutar za ta bi. A sa mai aikin wuta na amana ya ɗora na'urar yanke wuta ta 30mA a layin, a danna maɓallin gwajinta a ga ta yanke. Sitabilaiza mai 1000VA da suke cusa wa mutane ba ta ɗaukar injin da hitarsa ke aiki, ana buƙatar 3000VA zuwa sama, ƙaramin janareta ma haka bai isa ba.

Kada a biya cikon kuɗi sai injin ya yi wanki ɗaya babu kaya a gaban kowa: ya sha ruwa, ya juya, ya zubar, ya matse da cikakken gudu, a bi mahaɗan tiyo da busasshen tsumma a ga babu danshi. Takardar garantin shekara 10 da ke manne a gaban wasu injuna ta mota ce kaɗai, kuma sai da rasit na dillalin da kamfani ya amince da shi take aiki.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, ya sanar da bankinsa a ranar, ya adana hotunan tallar da hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet. Idan suka ce a ba su injin su canzo wani, kada a bari ya fita daga gida sai na canjin ya iso an duba shi kamar yadda aka bayyana a sama.